Earl Palmer, makaɗin da ya fara kiɗa da ƙafa: tambayoyi da amsoshi

In ana hirar manyan makaɗan ganga na Amurka, sunayen da ke fara zuwa baki su ne na waɗanda suka jagoranci ƙungiyoyin kansu, irin su Art Blakey da Max Roach. Ba kasafai ake fara ambaton Earl Palmer ba, alhali da wuya a sami mai sauraron tsofaffin waƙoƙin Amurka da bugun hannunsa bai taɓa shiga kunnensa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa. Na fi daɗewa a kan ƙuruciyarsa da shekarunsa na New Orleans, domin a nan aka ƙera shi.

Wane ne Earl Palmer?

Makaɗin ganga ne baƙar fata ɗan Amurka. An haife shi ranar 25 ga Oktoba, 1924, a birnin New Orleans na jihar Louisiana, ya rasu ranar 19 ga Satumba, 2008, a garin Banning na Kalifoniya, yana da shekara 83. Shi ne ke bayan ganga a fayafayan farko na Fats Domino da Lloyd Price da Little Richard, daga baya kuma ya koma Los Angeles ya kaɗa wa su Sam Cooke da Frank Sinatra, da kiɗan finafinai da shirye-shiryen talabijin masu ɗimbin yawa.

Wace irin unguwa ya tashi a ciki?

Unguwar Tremé, wadda ke maƙwabtaka da tsohon gari na New Orleans, titin Rampart ne kawai ya raba su. Tana cikin tsofaffin unguwannin baƙaƙen fata a duk Amurka, domin tun zamanin bauta akwai 'yantattun baƙaƙe da suka mallaki gidaje a cikinta. A gefenta ne filin Congo Square yake, inda bayi 'yan asalin Afirka ke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa da 'yan saye-saye.

Abin da ya fi shafar Palmer kai tsaye shi ne jana'iza. A al'adar mutanen garin, ƙungiyoyin taimakon kai da kai na ɗaukar masu busa da makaɗa su raka gawar ɗan ƙungiya. A tafiya maƙabarta kiɗan sanyi ake yi, na juyayi, ana takawa a hankali. Da an binne an juyo, sai ƙaramar ganga ta ɗauki zafi, babbar ganga ta amsa mata, jama'ar unguwa su biyo baya da rawa, wasu da lema, wasu suna kaɗa hankici. Wannan ayari na masu biyo baya shi ake kira second line, wato sahu na biyu. Yaron Tremé ba ya bukatar a tura shi makaranta don ya san wannan kiɗa. Ta ƙofar gidansu yake wucewa. Mai babbar ganga a irin wannan fareti ba ya buga ta daidai-wa-daida kamar ta soja. Yana ɗan jinkirta wani bugun, ya gaggauta wani, sai tafiyar mutane ta koma rangaji. Wannan rangajin ne Palmer ya ɗauka daga titi ya ɗora a kan ƙafarsa ta dama, bai kuma rabu da shi ba har ya tsufa.

Da gaske ne da rawa ya fara, ba da ganga ba?

Gaskiya ne, kuma a ganina wannan ne mabuɗin fahimtar mutumin gaba ɗaya. Mahaifiyarsa, Thelma Theophile, 'yar wasan dandamali ce, ita da 'yar'uwarta. Yana da kimanin shekara biyar ya fara rawar nan ta takalmi mai ƙarfe, wadda ake kafa wa takalmi 'yan ƙarafa a dunduniya da wajen yatsu, mai rawa ya riƙa ƙwanƙwasa daɓen katako da su har sauti ya tashi kamar kiɗa. Ya yi ta a titi don 'yan kwabban da masu wucewa ke jefawa, ya kuma yi ta a kan dandamali tare da uwarsa da innarsa. Yana ɗan shekara 12 sunansa ya riga ya hau tallar wani gidan rawa na garin mai suna Rhythm Club a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu wasa.

Ina da ina yawon wasa ya kai shi?

Sun bi ayarin Ida Cox, shahararriyar mawaƙiyar blues (wani salon waƙa na baƙaƙen Amurka) 'yar jihar Georgia, wadda ta yi tashe da fayafayanta a kamfanin Paramount daga 1923. Ayarinta mai suna Darktown Scandals yana yawo gari-gari da mawaƙa da 'yan rawa da masu barkwanci da makaɗa. Irin wannan wasa shi ake kira vaudeville, kuma lokacin da Palmer ya shige shi ya fara mutuwa, domin sinima mai magana da rediyo sun janye 'yan kallo, ga kuma karayar tattalin arziki da ta faro a 1929.

A kudancin Amurka na wancan zamani dokar wariya ce ke aiki. Baƙar fata ba ya kwana a otal ɗin farare, ba ya cin abinci a teburinsu, a gidan kallo ma da wurin zamansa daban. Ayarin wasa na baƙaƙe kan sauka a gidajen jama'a a unguwar baƙaƙen fata, ko su kwana a mota. Yaro ƙarami ya ga wannan duka da idonsa tun kafin ya yi hankalin tambayar dalili. Amma ya ga wani abu kuma: yadda manya ke riƙe sana'a. Ƙarfe nawa aka ce a hau dandamali, a hau. Ka gaji ko ba ka gaji ba, wasan dare sai ya yi kyau kamar na rana. Wannan tarbiyya ta amfane shi ƙwarai lokacin da ya koma aikin situdiyo, inda minti ɗaya kuɗi ne.

Me rawa ta ƙara masa a kiɗa?

Abu uku, in an bi a hankali.

Na farko, lokaci ya zauna masa a jiki. Mai rawar takalmi shi kansa makaɗi ne. In ya kauce wa ƙirga, kowa a ɗakin zai ji, babu inda zai ɓuya. Na biyu, ya san ginin waƙa. Ɗan rawa dole ya san inda baiti ya ƙare, inda amshi ya shigo, inda makaɗa za su yi tsit su bar masa fili ya nuna bajinta, da inda za su dawo. Palmer da kansa ya sha faɗin cewa rawar ce ta koya masa sauraron waƙa da gane inda ta nufa.

Na ukun shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Shekara da shekaru yana gaba, makaɗi na bayansa. Ya ɗanɗani daɗin makaɗin da ke tallafa wa ɗan rawa, ya kuma ɗanɗani wahalar wanda ke gaggawa ko yake jan ƙafa. Da ya koma baya ya riƙe sanduna, ya riga ya san abin da na gaba ke bukata daga gare shi. Shi ya sa in ka saurari kiɗansa ba za ka ji yana gasa da mawaƙi ba. Yana ɗauke da shi ne, kamar yadda ya so a ɗauke shi yana yaro.

Ya yi aikin soja?

Ya yi, a Yaƙin Duniya na Biyu, an kuma tura shi Turai. Rundunar Amurka a lokacin a rabe take bisa launin fata, kuma akasarin baƙaƙen sojoji aikin ɗawainiya ake ba su: lodi, tuƙi, jigilar harsasai. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wannan rabo. Palmer ba ɗan badujala ba ne a soja. Amma aikin ya ba shi wata dama da ta sauya masa rayuwa, wato dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji.

A ina ya koyi ganga ke nan?

Bayan an gama yaƙi a 1945 ya dawo gida ya shiga makarantar kiɗa ta Grunewald a New Orleans. A nan ya karanci fiyano da kayan bugu, ya koyi karanta rubutaccen kiɗa. Kada a raina wannan. Makaɗa da yawa masu baiwa a garin da kunne kawai suke aiki, kuma kunnen nasu ya isa. To amma wanda zai iya duban takarda sau ɗaya ya kaɗa abin da ke cikinta ba tare da an rera masa ba, ƙofofin da ke buɗe masa sun fi yawa. Shekara goma bayan haka, wannan ilimin ne ya shigar da shi ɗakunan kiɗan finafinai, inda babu mai lokacin koya wa wani.

Wace irin ganga ake magana a kai?

Tarin ganguna ne da mutum ɗaya ke kaɗawa a zaune, da hannu biyu da ƙafa biyu. Akwai babbar ganga a kwance a ƙasa, wadda ake bugawa ta hanyar taka wani ƙarfe da ƙafar dama. Akwai ƙaramar ganga tsakanin gwiwoyi, mai siraran wayoyi a gindinta, su ne ke sa ta yin ƙara mai kaifi. Akwai wasu ganguna matsakaita, sai faya-fayen tagulla da ake kaɗawa da sanda, da wasu guda biyu a kife da juna waɗanda ƙafar hagu ke buɗewa da rufewa. Asalin abin daga badujala ne: aikin da mutum biyu ko uku ke yi a fareti aka haɗa wa mutum ɗaya don ya shiga ɗakin rawa. Kamfanin Ludwig ya fitar da matakin babbar ganga mai inganci a 1909. Ga wanda ya girma yana magana da ƙafa, zama a bayan irin waɗannan kaya kamar komawa gida ne.

Makaɗin jazz ne shi, ko na blues?

A zuciyarsa ɗan jazz ne, bai taɓa ɓoyewa ba. Lokacin da ya dawo daga yaƙi sabon salon jazz mai suna bebop ne ke tashe, na su Charlie Parker da Dizzy Gillespie, mai sauri da sarƙaƙiya, kuma Max Roach ne gwanin da samarin makaɗa ke kwaikwayo. Palmer da abokansa kan tashi daga aiki cikin dare su nemi wani gidan rawa su yi ta bebop har asuba don jin daɗin kansu. Gidan Dew Drop Inn da ke titin LaSalle na cikin matattarar makaɗan garin a wancan lokaci.

Amma abincin yana wajen blues. Blues waƙa ce mai sauƙin gini, galibi zagaye ne na gaɓa 12 da ake ta maimaitawa, layi na farko a faɗe shi sau biyu, na uku ya rufe. Bayan yaƙi an ƙara mata zafi da saksofon da ganga mai ƙarfi don rawa, har mujallar Billboard ta raɗa mata suna rhythm and blues a 1949. Wannan ne kamfanonin faifai ke zuwa New Orleans nema, shi kuma Palmer ke kaɗawa da rana.

Ni dai ba na ganin ɗaya ta tauye ɗaya. Hannun jazz ne ya sa blues ɗinsa ya fita da tsabta, babu bugun da ya faɗi a banza. Kuma wanda ya saurari yadda yake riƙe waƙa mai sauƙi ba tare da ya cika ta da ƙawa ba zai san cewa bai raina ta ba.

Yaya ya shiga harkar faifai?

Ta hannun Dave Bartholomew, mai busa ƙaho kuma shugaban ƙungiyar da ta fi kowace tsari a garin. Palmer ya shiga ƙungiyarsa a 1947. Bartholomew mutum ne mai tsanani a wajen aiki, ba ya ɗaukar latti ko wasa. A 1949 mai kamfanin Imperial, Lew Chudd, ya ɗauke shi ya riƙa nemo masa mawaƙa yana shirya musu faifai, shi kuma ya tafi da yaransa situdiyo.

Situdiyon shi ne J&M na Cosimo Matassa, a kusurwar titin Rampart da Dumaine, ɗan ɗaki ne a bayan kantin sayar da fayafayai da kayan lantarki. Faɗinsa bai wuce na falon gida ba. A ciki ake cusa fiyano, da ganguna, da mai jita, da mai babban goge na tsaye, da masu saksofon biyu ko uku, da mawaƙi. Makirfo kaɗan ne, don haka kowa na shiga na kowa. A shekarun farko kai tsaye ake yanka sautin a kan faifai da allura, ba a gyara komai daga baya. In mutum ɗaya ya yi kuskure a baitin ƙarshe, an yi asarar faifan, sai a koma farko. Yanzu ka duba matsayin mai ganga a irin wannan ɗaki. In ya saki hannu, ya danne kowa, muryar mawaƙi ta nutse. In ya sassauta da yawa, waƙar ta mutu. Dole ya nemo bugun da ke da ƙarfi a ji amma ba shi da hayaniya, ya kuma riƙe shi daidai daga farko har ƙarshe, sau biyar ko sau goma in ta kama. A wannan matsatsin Palmer ya goge.

Abokan aikinsa a ɗakin sun haɗa da Lee Allen da Alvin Tyler a saksofon, da Frank Fields a babban goge, da Ernest McLean a jita. Sun saba da juna har ta kai ana kawo mawaƙi da ɗanyar waƙa, su tsara mata kiɗa nan take ba tare da takarda ba.

Mene ne backbeat da ake yawan haɗa sunansa da shi?

Gwada da hannunka. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka yi ta maimaitawa. Yi tafi a kan ɗaya da uku: za ka ji kamar macin soja. Yanzu mayar da tafin kan biyu da huɗu: nan take jiki zai fara lilo. Wannan bugu na biyu da na huɗu, in aka sauke shi da ƙarfi a kan ƙaramar ganga, shi ne backbeat.

A tsohon jazz na New Orleans makaɗi kan ajiye wannan bugu sai zagayen ƙarshe, lokacin da kowa ya ɗaga murya za a rufe waƙa. Ranar 10 ga Disamba, 1949, aka shigo da wani saurayi mai fiyano ɗan shekara 21, Antoine Domino, wato Fats Domino, don ya yi faifansa na farko, "The Fat Man". Palmer ya ce ya ga waƙar na bukatar wannan bugu tun daga farko har ƙarshe, ba a zagayen rufewa kaɗai ba. Haka ya yi. Faifan ya kai matsayi na biyu a jerin rhythm and blues, kuma har yau ana lissafa shi cikin fayafayan da rock and roll ya tsiro daga gare su.

Wanda zai nemi faifan ya saurara, ya sa haƙuri. Naɗin tsoho ne, fiyano ya cika ko'ina, gangar tana can ƙasa. Sai ka sa abin kunne ka natsu kafin ka kamo ta. Da ka kamo ta kuwa, za ka ga ita ce ke tura komai gaba.

Ke nan shi ya ƙirƙiro shi?

A'a. Tafi a kan biyu da huɗu ya daɗe a cocin baƙaƙen fata, kuma akwai fayafayan da suka riga nasa da ake jin bugun a cikinsu. A Chicago ma Fred Below, wanda shi ma ɗan jazz ne da ya koma blues, ya yi irin wannan aiki a kamfanin Chess a bayan su Little Walter da Muddy Waters. Abin da za a ba Palmer shi ne ya kafa bugun ya zama ginshiƙin waƙa, a fayafayai masu yawa da suka shiga ko'ina, har makaɗan da suka biyo baya suka ɗauka haka ganga take tun asali.

Me ya faru tsakaninsa da Little Richard?

A nan ne sauyi na biyu ya zo, kuma ya fi na farko zurfi. A Satumban 1955 kamfanin Specialty ya turo Little Richard ɗakin J&M tare da mai shirya faifai Bumps Blackwell. Sun wuni suna gwada blues na sanyi, abin bai tashi ba. A lokacin hutu ne Richard ya hau fiyano ya ɓarke da wata waƙarsa ta gidan rawa, Blackwell ya ce ita ce. Aka sa Dorothy LaBostrie ta tsabtace kalmomin, aka naɗi "Tutti Frutti" a ɗan lokacin da ya rage.

Ga inda gizo ke saƙar. Jazz da blues na wancan zamani tafiyarsu dogo-gajere ce, dogo-gajere, kamar bugun zuciya. Makaɗa na kiran wannan shuffle. Richard kuwa hannunsa na dama yana sara fiyano daidai-daidai, babu dogo babu gajere, kamar keken ɗinki. A "Tutti Frutti" Palmer ya kaɗa abin da ya saba, shuffle, shi ya sa in ka kasa kunne za ka ji ganga da fiyano na ɗan jan juna. Daga baya ya faɗa cewa ba haka ya kamata ya kaɗa ta ba. A zaman da suka biyo baya sai ya miƙar da bugunsa ya bi hannun Richard, kuma a "Lucille", wadda ta fito a 1957, an ji abin ya zauna daram. Wannan miƙaƙƙen bugu haɗe da backbeat shi ne kiɗan rock har gobe.

Abin da ke burge ni a labarin nan shi ne mutumin da ya yi karatun kiɗa, yake da hannun bebop, bai tsaya cewa mawaƙin ne ya kauce ba. Ya saurara, ya ga wanda ke gaba yana bukatar wani abu daban, ya sauya. Halin ɗan rawar nan ne dai.

Duk waƙoƙin Little Richard da Fats Domino shi ya kaɗa?

Ba duka ba, kuma ana yawan kuskure a nan. "Keep A-Knockin'" ta Little Richard, mai shahararren buɗewar ganga, Charles Connor ne ya kaɗa ta, makaɗin ƙungiyarsa ta yawo. Fats Domino ma yana da nasa makaɗin, Cornelius Coleman, wanda ke cikin fayafayansa da dama. Na Palmer da babu tantama sun haɗa da "Lawdy Miss Clawdy" ta Lloyd Price a 1952, wadda Domino ya buga wa fiyano, da "Tipitina" ta Professor Longhair a 1953, da "I Hear You Knocking" ta Smiley Lewis a 1955, da "Long Tall Sally" da "Rip It Up" na Little Richard a 1956.

Ya yi kuɗi da waɗannan fayafayai?

Ladan zama kawai ake biyan makaɗin situdiyo, bisa farashin ƙungiyar makaɗa: zaman awa uku, a naɗi waƙa kamar huɗu, a biya ka, shi ke nan. Faifai ya sayu kwafi dubu ko miliyan, ba ka da ƙari, kuma sunanka ba ya kan tambarin. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi, domin sau da yawa tsarin kiɗan ma su ne suka ƙirƙira a ɗakin. Ƙungiyar makaɗan kanta a New Orleans biyu ce a lokacin, reshe na 174 na farare, na 496 na baƙaƙe.

Me ya sa ya bar garinsu ana tsakiyar cin kasuwa?

Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko wariya. Ya so wata mace farar fata, dokar Louisiana kuwa ta haramta irin wannan aure, a 1956 ma jihar ta ƙara wata dokar da ta hana baƙaƙe da farare cuɗanya a wuraren rawa da wasanni. A Kalifoniya kotu ta riga ta soke haramcin tun 1948. Jihohin kudu kuwa, har da Louisiana, sai da Kotun Ƙoli ta Amurka ta tilasta musu a 1967. Na biyu sana'a. New Orleans situdiyo ɗaya take taƙama da shi, Los Angeles kuwa ga kamfanonin faifai, ga finafinai, ga talabijin, kuma rassan ƙungiyar makaɗanta na baƙaƙe da farare sun riga sun haɗe tun 1953. A 1957 ya tattara ya tafi, ya fara da aiki a kamfanin faifai na Aladdin.

Yaya ta kasance masa a Los Angeles?

Bai daɗe ba ya zama wanda ake fara kira. A shekararsa ta farko ya kaɗa "You Send Me" ta Sam Cooke, a 1958 "La Bamba" ta Ritchie Valens da "Summertime Blues" ta Eddie Cochran. A 1962 ya yi faifai da Frank Sinatra, a 1964 ya kaɗa "You've Lost That Lovin' Feelin'", a 1966 "River Deep, Mountain High" ta Tina Turner. Yana cikin rukunin makaɗan haya da daga baya aka sa wa suna Wrecking Crew. Bai bar blues ba, ya yi aiki da T-Bone Walker da B.B. King. Ya fitar da faifai da sunan kansa, "Drumsville", a 1961. A 1982 aka zaɓe shi ma'ajin reshe na 47 na ƙungiyar makaɗa, wato reshen Los Angeles.

An karrama shi yana raye?

An yi, ko da yake ta zo a makare. A 1999 Tony Scherman ya fitar da littafin tarihinsa mai suna Backbeat, wanda akasarinsa maganar Palmer ce da bakinsa. A 2000 zauren karrama gwarzayen rock and roll ya buɗe sashe na musamman don makaɗan bayan fage, Palmer na cikin biyar ɗin farko, tare da Hal Blaine da James Jamerson da King Curtis da Scotty Moore. A shekarunsa na ƙarshe ya koma ga abin da ya fi so, yana kaɗa jazz da ƙaramar ƙungiya ta mutum uku a Los Angeles.

In zan saurari waƙa ɗaya tak don in gane shi, wacce ce?

"I'm Walkin'" ta Fats Domino, wadda aka naɗa a farkon 1957, dab da tafiyarsa Kalifoniya. Kada ka jira murya. Tsaya a kan daƙiƙun farko, inda babbar ganga ke buɗe waƙar, tafi na amsa mata, ƙaramar ganga ta shigo da tafiyar fareti. Ƙafar dama ce ke magana a nan, tana yin abin da mai babbar ganga ke yi a titin Tremé in an juyo daga maƙabarta. Saurara sau biyu a zaune, a na uku ka tashi ka taka ɗakin da ita.